Baba, Mai Lissafin Jiran Saƙo

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma Baba ya riga mu tafiya. Ya cika a gidansa da ke unguwar Takur a Dutse da hantsi, bayan 'yar rashin lafiyar da dukanmu muka ɗauka zazzaɓin damina ne. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Ni ce 'yarsa ta biyu, kuma ni aka ce na gaji bakinsa, saboda haka karɓar gaisuwa a cikin gida ya faɗo kaina ni da Umma. Abin da na gani a zaman makokin shi ya sa na ce sai na rubuta wani abu a kansa, tun kafin masu yabo su wanke shi tas su mayar da shi waliyyi. Mutum ne mai kirki, mai taurin kai, wanda ya iya bayani amma bai iya ban haƙuri ba.

Tsofaffin ɗalibansa na jami'a sun zo sun cika ƙofar gida da motoci. Ɗaya daga cikinsu, wanda yanzu shi ma malami ne, ya durƙusa gaban Umma yana share hawaye, ya ce Malam ya yi ta mayar masa da aikin bincikensa har sai da ya yi niyyar barin karatun. "Amma wallahi Hajiya, da bai mayar ba, da ban zama komai ba." Umma ta ce, "Ai haka yake, ko miya ce sai ya mayar a ƙara gishiri." Aka yi dariya cikin kuka.

Maƙwabcinmu, dattijo ne mutumin Filato da ya yi ritaya daga sakatariya, shi ya kwaso mana kujerun cocinsu tun kafin wani ya tuna da maganar kujeru. Shekara da shekaru shi da Baba suna zama a gindin darbejiyar ƙofar gida suna gardama a kan siyasa, da ruwan sama, da wanda ya fi wani tsufa. Ya tsaya a bakin zaure da hularsa a hannu, ya ce, "Injiniya ya tafi ya bar ni da wa? Wa zai riƙa ce mini ba haka ba ne?" Bai iya ƙarasa gaisuwar ba, ya juya ya koma gidansa.

Washegari sai ga mata masu tallan nono daga rugagen bayan Buji, suka jera ƙorensu a zaure suka shigo. Babbarsu ta kama hannuna ta ce, "Yarinya, to wayoyin Malam fa? Mu ci gaba da yawo da su, ko mu kawo?"

Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba, ita ce Gwaggo, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke aure a wani ƙauye can bayan Buji. Ta zauna kusa da randa da carbi a hannu, ido a bushe, tana amsa gaisuwa da ka. Ina jin mata suna raɗa a bayana: "Sun dai shirya kafin ya cika?" Duk dangi sun san shekaru sun yi nisa rabon da ta kira shi Yaya. Babu wadda ta yi ƙarfin halin tambayarta. Ni ma tambayar ce ke cina, don na san Baba ya tafi da wannan a ransa.

Ga wanda bai san shi ba, sai na yi bayanin wayoyin nan da masu nono ke magana. Baba injiniyan tarho ne tun zamanin da waya ke da igiya. Da ya yi ritaya, jami'a ta ɗauke shi koyarwa. Tambayar da ya ƙarar da tsufansa a kanta guda ce: idan wuri babu sabis, ko yana zuwa yana ɗaukewa, ta yaya saƙo zai isa, kuma tsawon wane lokaci zai ɗauka? Dabarar ita ce waya ta riƙe saƙon a cikinta, mai ita ya ci gaba da harkar gabansa. Duk sanda ta matso kusa da wata wayar irinta, a kasuwa ko bakin rijiya ko wajen injin niƙa, sai ta miƙa mata saƙon ta bulutut, waya zuwa waya, ba tare da sabis ba. Haka saƙo zai yi ta tafiya a aljihun mutane da ƙullin zanensu har ya faɗa hannun mai shi. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, kuma ransa yakan ɓaci in aka ce shi ne. Nasa aikin shi ne lissafin jiran: su wa ke haɗuwa da su wa, sau nawa, kuma saƙo zai kwana nawa a hanya. Masu nono ya zaɓa ya raba wa wayoyi, domin a cewarsa babu direban da ya kai su cika alkawari, kullum suna tafe tsakanin ruga da gari.

Duk baƙon da ya yi kuskuren tambayarsa aikin da yake yi, to ya shirya zama. Sai ya aika a karɓo faifan Umma, ya zuba farin wake, ya jefa ja guda ɗaya a ciki. "Wannan jan shi ke ɗauke da saƙo. Duk wanda ya taɓa, ya ɗauka." Ya girgiza a hankali ya ce yau ba kasuwa. Ya girgiza da ƙarfi ya ce yau kasuwar Shuwarin ke ci. Sannan ya ɗora yatsa a kan wata ƙwaya can bakin faifai da ba ta motsa ba, ya ce, "Wannan ce damuwata." Umma daga ɗakin girki za ta ɗaga murya ta ce a dawo mata da wakenta kafin ya gama zama saƙo.

Baba ba ya ba da amsa kai tsaye. Ka tambaye shi yaushe wuta za ta dawo, ya ce, "A matsakaici, bayan magariba." Yaushe baƙi za su iso? A matsakaici. Har jikokinsa suka ɗauka, in aka tambaye su ko sun yi wanka sai su ce a matsakaici. Yana kuma yawan cewa saƙo ba ya mutuwa a hanya, mai ɗauka yake jira.

Kirkinsa ba na surutu ba ne. Akwai wata tsohuwa daga ruga da ɗanta ya tafi kudu da shanu. In muryar ɗan ta iso ta wayoyin nan, Baba zai rufe kwamfutarsa ya zauna da ita a zaure ya kunna mata. Ta saurara, ta ce a sake. Ya sake. Ta ce ba ta ji wurin da ya ambaci sunanta ba. Ya sake. Mutumin da ba ya iya haƙurin a maimaita masa tambaya a aji, na ga shayinsa ya huce a gefe yana maimaita wa tsohuwar nan gaisuwar ɗanta.

Na daɗe kafin in gane ko wace ce ƙwayar bakin faifai. Duk wannan aikin ya samo asali ne daga ranar da kakarmu Inna ta rasu, mahaifiyar Baba da Gwaggo.

An kawo Inna Dutse jinya, a gidanmu ta cika da safe, cikin tsakiyar damina. A lokacin ƙauyen su Gwaggo babu sabis ko ɗigo. Baba bai rikice ba, shi dama ba ya rikicewa. Ya aika saƙon ta hanya uku: ya buga wa wani mai shago a garin bakin titi da ke da sabis, ya faɗa wa direban bas ɗin da ke bin hanyar, ya kuma tura ɗan acaɓa. Liman da dattawan unguwa suka ce a yi jana'iza da azahar. Baba ya ce a'a, a bari sai la'asar. Ya san hanyar, ya san yadda saƙo ya saba isa, kuma ga shi ya aika ta hanya uku. A lissafinsa, da wuya dukansu su makara a rana ɗaya.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, hanyoyin nan uku duk a mashigin rafi ɗaya suke haɗuwa kafin ƙauyen. An yi ruwa mai ƙarfi a can, rafi ya kawo. Yaron mai shago, da wanda direba ya ba saƙo, da ɗan acaɓa, duk a bakin ruwan suka tsaya suna kallon juna. La'asar ta yi, Baba ya leƙa titi ya dawo, ya sake leƙawa. Dattawa suka ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta. Aka ɗauki Inna.

Gwaggo ta iso washegari, zanenta jiƙe da laka har gwiwa. Ina tsakar gida lokacin da ta shigo tana tambaya, "Ina Inna? A wane ɗaki take?" Babu wadda ta amsa. Da ta gane, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Aka kira Baba ya shigo. Kalma uku kawai ake nema daga bakinsa, ki yi haƙuri. Maimakon haka sai ya tsaya a kanta, gaban mata, ya fara bayani. Ya ce ya aika ta hanya uku, ya ce a ƙa'ida saƙon ya kamata ya isa kafin azahar, ya ce abin da ya faru ba kasafai yake faruwa ba. Har da ƙirga hanyoyin da yatsunsa. Na san Baba, na san kukansa ke nan, wata hanyar kukan ba shi da ita. Amma Gwaggo ba haka ta ji ba. Ta ɗago kai ta ce, "Inna ce fa ta rasu, ba waya ce ta lalace ba. Da ka kwana ɗaya da ita a ɗaki, wa zai kama ka? Sannu da lissafi, Injiniya."

Daga ranar ya zama Injiniya a bakinta, kamar yadda mutanen waje ke kiransa. Ba ta yanke zumunci ba. Tana zuwa suna da biki, tana aiko mana da gero da kuka in an yi girbi. Za ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaishe da babba: "Injiniya, an tashi lafiya? Ya iyali?" Ya amsa. Shi ke nan. Duk sanda ta faɗi sunan nan ina ganin fuskarsa tana canzawa, sai ya cire tabarau ya hau gogewa da bakin riga.

Bayan rasuwar Inna ne ya daina yarda da matsakaici a cikin aikinsa, ko da yake bakinsa bai daina faɗa ba. Ya riƙa gaya wa ɗalibai cewa matsakaici na masu sa'a ne, su nemo masa lissafin wanda saƙo zai isa gare shi a ƙarshe. Ya kuma riƙa kayar da duk wanda ya zana hanyoyi da yawa bai je ya duba ko a wuri ɗaya suke haɗuwa ba. Ɗalibai suna cewa Malam ya cika tsanani a kan wannan. Ba su san rafin ba.

Cikin wayoyin da ya raba, ɗaya ya sa aka kai gidan Gwaggo. Ta karɓa, ta rataye ta a ƙusa. Daga nan ya shiga aika mata saƙon murya ta hannun masu nono, kuma kowane saƙo iri ɗaya ne: "Assalamu alaikum. Wannan gwaji ne. In ya iso, a lura da rana da lokaci a sanar da ni." Ita kuma ta aiko da amsa: "Ya iso ranar kasuwa da yamma." Shekaru suna wannan. Mutum biyu da suka sha nono ɗaya, suna aika wa juna gwaji.

A kan wannan muka yi faɗa da shi, faɗan da ban taɓa yin irinsa da shi ba. Na same shi a gindin darbejiya yana murna wai jiran saƙon ƙauyen Gwaggo ya ragu a rani. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, don girman Allah, kana da mota. Tafiyar nan ba ta kai ta Kano ba. Ka je ka zauna a tabarmarta ka ce ta yafe maka. Wane irin gwaji ne ba ya ƙarewa?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke kin san komai ko?"

Na ce, "Wannan dai na sani."

Ya ce, "In na je hannu rabbana, me zan ce mata? So nake in je in ce mata, abin da ya same ki ba zai sake samun kowa ba. Bari in gama."

Na ce, "Ita ba wannan take jira ba."

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Daga baya ya aiko mini da gasasshiyar masara ta hannun Umma, wannan shi ne ban haƙurinsa, kuma ni na saba karɓa a haka. Na sake tayar da maganar bayan wannan, Umma ma ta tayar, amsar dai ɗaya ce, bari ya gama.

Bai gama ba aka kafa ƙarfen sabis a kan tudun da ke kusa da ƙauyen. Ranar da labari ya zo ya ce alhamdu lillahi, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Amma ya wuni a zaune bai buɗe kwamfuta ba. Rugage na can ciki har yanzu suna bukatar wayoyinsa, ita kuwa Gwaggo ta fita daga lissafi. Babu sauran dalilin aika mata gwaji. Yanzu sai dai ya buga ta ɗauka. Na sha ganinsa ya nemo lambarta, ya zuba mata ido, ya mayar da wayar aljihu. In ya daure ya buga, sai su yi gaisuwa: ya ruwa, ya gona, ya yara, a gaida mai gida. Su yi shiru kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Sai ta ce, "To Injiniya, na gode," ya ce, "To, madalla." Abin ya fi ba ni tausayi fiye da zamanin gwaji.

Ranar da ya cika, babban wana ne ya buga wa Gwaggo. Bugu ɗaya ta ɗauka. Da liman ya tambayi lokacin jana'iza, wana ya ce ba za a sa lokaci ba, sai ƙanwar Baba ta iso, ko da yaushe ne. Ba mu jira da yawa ba, an yi gada a kan rafin tuntuni. Kafin azahar adaidaita ta sauke ta a ƙofar gida. Ta shiga ɗakin da aka shimfiɗe shi, ta buɗe fuskarsa, ta zauna. Ina bakin ƙofa ina ganin leɓenta na motsi, amma ban ji abin da take faɗa ba.

Bayan sadakar uku, da rana tsaka, na same ta a ɗakin Umma tana ɗaure kayanta za ta koma. Na zauna ina taya ta ninke zannuwa. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce, "Gwaggo, kin yafe masa?"

Ta ci gaba da ninki ba ta dube ni ba. Ta ce, "Yaya? Me ya yi mini da ba zan yafe ba? Shi ya aiko ruwan? Ai tun kafin a yi arba'in ɗin Inna na yafe masa."

Na ce, "Tun lokacin? Gwaggo, to me ya hana ki faɗa masa? Wallahi da wannan ya kwana, da shi ya tashi."

Hannunta ya tsaya a kan zanen. Ta ce, "Shi ne babba, shi ya kamata ya tayar da maganar. Na ce bari ya zo da ƙafarsa ya tambaya, in ja masa rai kaɗan, sannan in faɗa masa mu yi dariya. Kullum in na ji ƙarar mota a bayan gida sai in ce ga shi nan. Na ɗauka akwai lokaci."

Na ce, "Shi ma haka ya ɗauka."

A nan ne hawayen da ba ta yi ba tun zuwanta suka zo mata. Ta kifa kanta a kan ƙullin kayan tana cewa, "Kaɗan fa na yi niyya. Wallahi kaɗan na yi niyya." Na rungume ta, ina jin haushinta, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsu su biyun, har na rasa wanne ya fi yawa.

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haɗa shi da Inna a gidan rahama, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Na raka Gwaggo bakin titi ta hau mota. Da na dawo gida Umma ta tambaye ni me muka daɗe muna tattaunawa a ɗaki. Na gaya mata Gwaggo ta yafe, tun tuni ma. Umma ta dubi tabarmarsa da ke naɗe a jikin bango, ta ce, "To wa zai gaya masa?"